Shagon kwamfutar bakin tasha da fayil ɗin manoman rani

Shagon yana bakin tashar mota, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da fetur a kwalba, a ɗaya daga cikin garuruwanmu na hanyar Auyo zuwa Haɗeja. Ba zan faɗi sunansa ba, domin maganata akwai yabo akwai ƙorafi, mai shagon kuwa ɗan gida ne, sahu ɗaya muke salla da mahaifinsa. Ɗaki ɗaya ne: benci biyu, firinta, injin fotokwafi, kwamfutocin tafi-da-gidanka guda biyu, sai farantan sola a kan rufi. Yawancin masu shiga fotokwafin takarda ke kawo su, ko duba sakamakon jarrabawa. Ni aikin da ke kai ni daban ne, kuma na san sakatarorin ƙungiyoyi da yawa suna fama da irinsa.

Tun da na ajiye alli aka ɗora mini sakataren ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu. Duk lokacin da za a yi rabon taki da iri mai rangwame, ofishin da ke kula da shirin yakan turo jerin sunayen waɗanda aka tantance. Da a takarda yake zuwa, a liƙa a bango, kowa ya bi da yatsa. Yanzu fayil ake turowa ta waya, kuma ba na ƙauyenmu kaɗai ba ne, na ƙananan hukumomi da yawa ne a haɗe, sunaye dubbai. In ka buɗe shi a waya sai ka ga rubutu a cakuɗe, suna ya hau kan lamba, lamba ta hau kan gari. Manoma kuwa suna ƙofar gida tun asuba, kowa tambayarsa ɗaya: Sakatare, sunana ya fito?

Abin da ya fara burge ni da mai shagon shi ne bai yi gaggawar dannawa ba. Ya fara buɗe fayil ɗin a matsayin rubutu zalla, ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Ya ce, “Baba, ka ga wannan? Ba a hargitse yake ba. Kowane layi manomi ɗaya ne. Tsakanin sunansa da lambar wayarsa, da tsakanin lambar da garinsa, akwai alamar da maɓallin Tab ke sakawa. Ido ba ya ganinta, sai dai ka ga fili, amma ita ce iyakar gurbi da gurbi.” Na tambaye shi me ya sa ba su raba da waƙafi ba, tunda na taɓa ganin irin wannan. Ya nuna mini gurbin adireshi, inda aka rubuta wa wani “bayan masallacin Juma'a, kusa da rijiya”. Da waƙafi ne iyaka, da adireshin nan ya tsage biyu in ba a killace shi ba. Tab kuwa ba kasafai mutum ke saka shi a tsakiyar rubutu ba.

Daga nan ya buɗe shi da LibreOffice Calc, manhajar lissafi ta kyauta mai aiki irin na Excel. Kafin ta buɗe takan fito da wani akwati tana tambayar yadda za ta karanta fayil ɗin, kuma a nan ya tsaya ya yi abu uku da na lura kullum sai ya yi su. Ya zaɓi Tab kaɗai a matsayin iyaka. Ya tabbatar ba a ce a haɗe iyakoki biyu da ke jere su zama ɗaya ba, domin manomin da ba shi da waya gurbinsa a wofi yake, Tab biyu ne a jere, in aka haɗe su sai abin da ke gurbi na gaba ya zame zuwa gurbin waya, komai nasa ya karkace. Sannan ya ce wa manhajar ta ɗauki gurbin waya da na asusun banki a matsayin rubutu, ba lamba ba. Dalilin wannan na ƙarshe zan zo gare shi, don a nan ƙorafina yake.

Da ya gama sai ga komai a tsare, layukan tsaye kowanne da kansa: suna, waya, lambar NIN, ƙaramar hukuma, gari, adireshi, asusun banki. Na ce to nemo mini Auyo. Ya yi murmushi ya ce bari in ga abin da zai faru in aka nema haka kawai. Ya rubuta Auyo a wurin nema, ya saki a kan fayil ɗin gaba ɗaya. Sunaye suka zubo, amma da na duba sai na ga mutanen Kaugama da na Birniwa a ciki. Dalili kuwa sananne ne a wurin kowane Bahaushe: mu da sunan gari muke ƙarasa suna. Mutum yana zaune a Kaugama shekara da shekaru, amma sunansa na ƙarshe Auyo, don can aka haifi kakansa. Wani kuma adireshinsa ne aka rubuta “hanyar Auyo”. Kwamfuta ba ruwanta, duk inda ta ga haruffan nan huɗu ta kawo. Sai ya danna kan layin ƙaramar hukuma ya zaɓe shi daga sama har ƙasa, ya sa alama a inda ake cewa a nema cikin abin da aka zaɓa kaɗai. Baƙin nan duk suka fita.

Wannan shi ne rabin abin da kake biya a shagon nan, kuma shi ne abin da ban samu a wasu wurare ba. Masu danna maɓallin nema suna da yawa. Mai tsayawa ya tambaye ka “a wane gurbi?” kafin ya nema, shi ne ƙalilan.

Ɗaya rabin shi ne tauraro da alamar tambaya, kuma a nan na fi daɗewa a kan benci, domin abin ya ba ni sha'awa a matsayina na tsohon malamin Hausa. Masu shigar da sunayen nan mutane ne daban-daban, kowa da yadda hannunsa ya saba. Malam Madori kaɗai na ga an rubuta ta Malam Madori, Mallam Madori, Malammadori, da M/Madori. Kafin Hausa wani ya taƙaita ta K/Hausa. Kiri Kasamma kuwa ba a magana: a haɗe, a rabe, da karan ɗori a tsakiya, da m ɗaya, da m biyu. In ka nemi rubutu ɗaya ka rasa sauran, kuma sauran nan mutane ne masu gona da iyali.

Tauraro, wato *, yana tsayawa a madadin ko wane adadin haruffa, har da babu ko ɗaya. Alamar tambaya kuwa harafi ɗaya tak take wakilta. Sai ya kunna wannan tsarin a akwatin nema, ya ce a gwada da dukkan abin da ke cikin gurbi, ya rubuta M*Madori. Duka huɗun suka fito, tunda duk da M suka fara, da Madori suka ƙare, abin da ke tsakani ba ruwan manhajar da shi, haka ba ruwanta da babban baƙi ko ƙarami in ba ka ce ta kula ba. K*Hausa ya kamo Kafin Hausa da taƙaitawarta. Kiri*kasa*ma ya tattaro dukkan Kiri Kasamma. Wanda ya fi yi mini daɗi shi ne na Haɗeja: Ha?ej*a. Alamar tambayar ta rungumi d mai lanƙwasa da maras lanƙwasa, tauraron kuma ya ɗauke bambancin Hadejia da Haɗeja da Haɗejiya.

Akwai wani amfanin tauraro da ba a gani da ido. Wani ma'aikacin yakan bar fili a ƙarshen kalma bayan ya rubuta sunan gari. Kai kana ganin Auyo, kwamfuta tana ganin Auyo da ƙarin abu, sai ta ce ba su yi daidai ba. Auyo* yana maganin wannan.

Sunayen mutane sun fi wuya, kuma na yaba da bai yi mini alkawarin ƙarya ba. Wani dattijonmu ya ce an cire sunansa, sunan kuwa Muhammadu. Mai shagon ya fara da M*h*m*d* a gurbin suna. Ya kamo Muhammad, Muhammadu, Mohammed, amma ya haɗo da Mahmud da Mahmuda, tunda su ma haruffan nan suna jere a sunansu. Ya matse shi zuwa M?hamm?d*, Mahmud ya fita, amma wanda aka rubuta wa Muhamad da m ɗaya shi ma ya fita. Muh'd kuwa, yadda 'yan boko ke taƙaitawa, babu wanda ya kamo shi cikin biyun, balle Mamman. Abin tamkar rariya ne, in idonta ya yi faɗi tsakuwa ta wuce, in ya yi ƙanƙanta gari ya maƙale. Ya ce, “Baba, gara mu buɗe da faɗi, mu tace da gari, sannan ka karanta da idonka. Kai ka san mutanenka, ita ba ta san su ba.” Haka muka yi. Ya fara ware ƙauyenmu a gurbin gari, sannan ya nemi duk sunan da ya fara da M a cikinsu. Dattijon yana nan, an rubuta shi Mamman, sunan da ake kiransa da shi a gida, kuma lambar wayar ɗansa ce ta tabbatar mana.

Haka Ɗanladi. ?anladi yana kamo Danladi da Ɗanladi, amma wanda aka rubuta wa D'anladi sai da *anladi, domin haruffa biyu ne a gaban a. Wata rana kuma fayil ya zo, duk inda ya kamata a ga Ɗ sai a ga ÆŠ, inda ƙ take sai Æ™, inda ɗ take sai É—. Na ɗauka fayil ɗin ya lalace. Ya ce lafiyarsa lau, karatunsa aka yi da tsarin da ba nasa ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, a tsarin UTF-8, ma'auni biyu kowanne ke ci, to in manhaja ta karanta da tsohon tsarin Turawan Yamma sai ta ɗauka haruffa biyu ne. A wannan halin alamar tambaya ɗaya ba za ta kamo su ba. Ya rufe ba tare da ya adana ba, ya sake buɗewa ya zaɓi UTF-8 a akwatin farko, haruffan suka miƙe.

Ƙaramin abu ɗaya kuma: ofishin yakan sa tauraro a bayan sunan wanda ake bi bashin bara. In ka nemi tauraro kai tsaye, fayil ɗin gaba ɗaya zai fito, tunda ma'anarsa “komai”. Sai an sa alamar ~ a gabansa, sannan manhajar ta gane tauraron kansa ake nufi. Haka yake a Excel ma. Shugabanmu ya so wannan dabarar fiye da kima, ni kuwa ban so yadda ya karanta sunayen a bainar jama'a ba, amma wannan maganar ƙungiya ce, ba ta shago ba.

Lokacin da aka turo fayil na jiha gaba ɗaya, ƙananan hukumomi 27, kwamfutarsa ta fara nishi. Ba iyakar manhajar aka kai ba, don tana ɗaukar layi 1,048,576, tsufan na'urar ne. Sai ya jawo ɗaya kwamfutar, wadda ya sa wa Linux, ya buɗe baƙin allo ya rubuta layi ɗaya:

awk -F'\t' 'NR==1 || $5 ~ /^Garin/' manoma.txt > namu.txt

Kafin in gyara zama ya gama. Na sa shi ya fassara mini, na kuma rubuta a littafina. Ɓangaren farko yana gaya wa awk, wato manhajar da ke tace fayil layi-layi, cewa Tab ne iyaka. In ba a faɗa ba, kowane fili zai ɗauka iyaka ne, sai Kafin Hausa ta rabu biyu, ƙirgen gurabe ya rikice. NR==1 yana cewa a bar layin farko mai ɗauke da kawunan gurabe. $5 shi ne gurbi na biyar, na gari. Alamar ^ tana nufin daga farkon gurbin. Wato a kawo duk manomin da sunan ƙauyensa ya fara da Garin, a zuba a sabon fayil. Asalin fayil ɗin ba a taɓa shi ba, karanta shi kawai aka yi layi bayan layi, shi ya sa girmansa bai dami na'urar ba. Ya ce mini manhajar ta girme shi nesa ba kusa ba, a 1977 aka ƙirƙire ta a Bell Labs da ke Amurka. Na ce ai har Jigawa ta girma, tunda mu a 1991 aka yanke mu daga Kano.

Ya gargaɗe ni da abu biyu, in har ɗana zai gwada a gida. A awk tauraro ma'anarsa daban: yana nufin a maimaita harafin da ke gabansa sau nawa ne, har da babu. In ka rubuta Garin* yadda ka saba a Calc, cewa ka yi Gari da n ko babu n, sai ka ga Sabon Gari ya shigo maka. In “komai” kake nufi, ɗigo da tauraro ake haɗawa. Na biyu, awk yana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka wanda aka rubuta wa GARIN ba zai fito ba sai an fara mayar da gurbin ƙananan baƙaƙe da tolower. Ba kowane mai shago zai zauna ya gaya maka abin da zai iya rage masa ciniki ba.

Yanzu ƙorafi. Mai shagon yana da yaro mai taya shi, ƙanen matarsa, kuma duk ranar da ya tafi Kano sayen tawada da takarda yaron ke riƙe shago. Yaron yana da ladabi, yana da saurin hannu, saurin ne ma matsalar. Ya buɗe mini fayil bai tsaya a akwatin farko ba, ya yi nema, ya adana a kan na asali. Lambobin wayarmu 11 ne kuma da sifili suke farawa. Manhajar lissafi in ta ɗauke su a matsayin lamba sai ta jefar da sifilin gaba, tunda a lissafi ba shi da daraja. Duk lambobin suka koma 10. Neman 0803* ya daina kawo komai, tunda yanzu da 803 suke farawa. Na waya da sauƙi, an san sifili ɗaya ne ya tafi. Na asusun banki ya fi haɗari: lambobi 10 ne, wasu da sifili ɗaya suke farawa, wasu da biyu, wasu babu, sai an bi an cike kowanne. Da an mayar wa ofis wannan fayil ɗin a haka, da kuɗin wasu ya maƙale. Da maigidan ya dawo ya ba ni haƙuri, ya sake aikin daga kwafin da ke wayata, bai karɓi ko sisi ba. Amma na gaya masa, kuma ina maimaitawa a nan: ilmin da ke kan mutum ɗaya a shago, ranar da ba ya nan shagon fotokwafi ne kawai. Ya koya wa yaron.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi. Fuskar kwamfutarsa cike take da fayilolin mutane: na ƙungiyoyi, na makarantu, na masu neman aiki. Namu ma na gan shi a can bayan an daɗe da gama rabo, da lambobin NIN da na waya da na asusun mutane dubbai, a na'urar da ɗalibai ke zama a kai suna cike fom. Ba na zarginsa da mugun nufi, sakaci ne. Amma a zamanin da ake kiran tsofaffi a waya ana cewa daga banki ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Yanzu ba na tashi daga benci sai ya goge fayil ɗin a gabana, ya kuma kwashe kwandon sharar kwamfutar. Bai taɓa musu ba, sai dai har yau sai na tuna masa.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Wuta ta sola ce, da hantsi zuwa la'asar ba matsala, amma da damina in hadari ya kwana biyu batir ba ya ɗaukar firinta, sai an tada janareta, kuɗin bugawa ya ƙaru. Ranar kasuwa kada ka je da irin wannan aikin, domin masu fotokwafi ba za su bar shi ya nutsu ba, kuma nema da tauraro yana son nutsuwa. Bugawa da shafi yake caji kamar kowa. Aikin tacewa kuwa ba shi da tsayayyen farashi, yakan ce “Baba, ba da abin da ya sauwaƙa”, abin da ni ba na so, domin kuɗin ƙungiya ne kuma rasit ake nema a wurina. Ya rubuta farashi ya liƙa a bango, kowa ya huta.

Ga sakataren da zai je, ya tura wa mai shagon fayil ɗin yadda ya zo, kada ya kwafi rubutun ya liƙa a saƙo, kuma ya ajiye kwafin asali a wayarsa. Ya tafi da jerin duk yadda ya san ana rubuta sunan ƙauyensu, har da na kuskure, don da su ake gina abin nema. Ya tambaya ko maigidan yana nan kafin ya hau babur. In an gama, ya sa a ƙirga masa adadin da aka samu, ya gwada da rajistar ƙungiya tun yana shagon. Mu a rabon da ya wuce mun tarar da giɓin mutum biyu, muka koma gurbin gari da *Gabas* maimakon cikakken sunan unguwar, sai ga su, an rubuta musu unguwar a haɗe da sunan ƙauyen. Ya buga mana shafukanmu kaɗai, da kawunan gurabe a saman kowane shafi, ba tare da gurbin NIN da na asusu ba, tunda a bangon ƙofar mai gari za a liƙa.